Injin Haladu da tsamiyar da ta danne rijiya

Tun da na dawo ban samu sukunin aiki ba. Duk wanda ya kawo janareta ko injin ban ruwa rumfata, kafin ya faɗi abin da ke damun injinsa sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Sabi'u, wai da gaske ne aljanu sun kashe muku inji a Nijar?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ƙiba yake yi a bakin mutane. Jiya wani ya rantse mini cewa tsamiyar har magana ta yi. To ga yadda abin ya kasance.

Ni bakanike ne na ƙananan injuna a Kazaure. Yayata Hajara tana aure a wani ƙauye can bayan Babban Mutum, cikin ƙasar Nijar, tun ina yaro. Ran da ruwan shuka ya sauka mana bana, da safe ina kwance bakin buhun iri, sai ga kiranta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Sabi'u, tsamiya ta faɗi."

"Wace tsamiya, Yaya?"

"Ta bakin rijiya mana. Iska ce ta zo ba ruwa, ta tumɓuke ta, ta kwantar da ita a kan rijiyar. Ko guga ba ya shiga. Gatari tsalle yake yi a jikinta. An kawo wani mai inji, injin ya mutu a hannunsa. Mu da jakuna muke zuwa wani gari neman ruwa, su ma sun fara ɗaure mana fuska. Ka nemo mana mai inji na kirki, kai ma ka biyo shi."

Na dubi buhun iri, na dubi ƙasa jiƙe sharkaf. Maiɗakina ta ce, "Shukar fa?" Na ce ƙanina ya fara, gobe ko jibi ina nan. Ni kaina ban yarda da maganar ba lokacin da nake faɗarta.

Mai injin yankan itace da na fi amincewa da hannunsa shi ne Haladu, mutumin Roni. Na hau babur na tafi. A ƙofar gida mahaifinsa ya ce ai tun asuba ya yi wajen Gwiwa, ana fitar da katakon rufi daga wasu darbejiya. Na sake karkata kan babur. Ban ma tambayi kowa ba, ƙarar injin ce ta kai ni inda yake. Na same shi ya ajiye sabon injin da ya sayo daga Kano a kan kututture, yana hararar sa.

"Gara da Allah ya kawo ka," in ji shi. "Saurara ka ji."

Ya ja igiya, ya matse totur. Injin ya tashi da kuka mai kyau, ya hau, ya hau, sai ya kai wani wuri ya kama in'ina, tar-tar-tar, ya ƙi wucewa.

"Ka ji ko? Tsohon injina da ka sani, in na matse shi daga nan ana jin sa a Roni. Wannan kuwa kamar an sa masa takunkumi."

Ga wanda bai sani ba, a jikin kafiretar irin wannan inji akwai ƙusoshi uku. Ɗaya ta silo ce, wato gudun da yake yi in ba a matse totur ba, ɗaya tana ba shi mai in yana tashi, ɗaya kuma tana ba shi mai in ya kai ƙarshen gudu. Wannan ta ƙarshen ita ce mai haɗari. In ka matse ta, mai ya ragu, inji ya ƙara gudu da ihu. In ka sassauta, mai ya ƙaru, ya yi sanyi yana kakari. Mu da kunne muke saitawa: a matse har kakarin ya kusa ɓacewa, a tsaya nan. Sabon injin Haladu kuwa an sa wa ƙusoshin wasu hulunan roba da ba sa barin su juya sosai. Na ce masa ya bari sai mun isa can, in gani a jikin itacen. Na gaya masa zancen rijiya. Bai ja dogon zance ba, ya ce in dai ruwan sha ne, a tafi.

Washegari a tashar Kazaure rigima ta fara. Direba ya shinshina buhun da muka naɗe injin ya ce ba za a ƙona masa mota ba. Sai da muka zazzage tankin tas a gabansa. Takobin injin, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, ya ƙi shiga but, dole muka ɗora shi a cinyoyinmu, bakinsa yana kallon wani dattijo mai zuwa ɗaurin aure. Duk ramin da motar ta faɗa sai dattijon ya tattare babbar rigarsa ya ce, "Samari, ku riƙe abin nan naku da kyau." Haladu ya ce, "Baba, ai ba ya cizo sai an tashe shi." Dattijon ya ce shi ma karen maƙwabcinsa haka aka ce masa.

Daf da Kanya Babba taya ta yi faci, safayar kuma ba iska. Muka zube a bakin hanya. Nan ne hankalina ya fara tashi sosai, domin duk inda na waiga shuka ake yi. Maigida a gaba yana sara da sungumi, iyali a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ni kuwa ga ni zaune da sukundireba a aljihu. Na kira ƙanina, waya ba ta shiga. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Haladu ya ce in zan haƙa rami da ƙafa, in matsa cikin gonar mutane ya yi musu amfani.

Sai la'asar sakaliya muka shiga Babura, hadari kuma ya haɗo daga gabas, masu babur suka ce ba mai shiga yashin iyaka yanzu. Wani abokin Haladu mai injin niƙa ya sauke mu a shagonsa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, muka ci muka kwanta a kan buhunan dusa. Da asuba muka tashi fari fat, har limamin unguwar ya dube mu sau biyu kafin ya amsa gaisuwa. Hadarin kuwa iska kawai ya yi ya watse.

A Babban Mutum jami'anmu suka dubi injin, suka yi wa Haladu tsiya cewa ko ya gama da bishiyoyin Jigawa ne. Na tsallake kuwa ba su yi dariya ba. Suka sa aka kwance buhun, suka kira abin da wani suna mai tsawo, wai tironsonas, suka tambayi inda za mu da wanda ya kira mu. Ana cikin haka sai ga Malam Iro, mijin Yaya Hajara, ya iso da amalanken shanu. Shi ya yi musu bayanin rijiyar. Babbansu ya ce ya ji labarin, Allah ya ba da sa'a, amma kada mu kuskura mu tashi injin kafin ma'aikacin daji ya gani da idonsa.

Tun daga nan na gane Hausa ɗaya muke yi amma kayan aiki kowa da sunansa. Na nemi fetur, mai kwalabe ya ce isansi nake nufi. Fulogi buji ne a wurinsu, sukundireba kuma turnabis. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har yana yankar dasashi, amma in ka tsoma shi a shayi ba ka son ya ƙare. Shayin ma ba irin namu na babban kofi da madara ba ne. A 'yar buta ake dafa shi, a zuba a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, kuma in ka sha na farko ka miƙe, ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Ni da ƙafata ke ƙaiƙayi, wannan jira ya fi mini komai wuya.

Amalanke ya ɗauke mu cikin yashi, shanun suna tafiya kamar ba su da inda za su. Ƙasa busasshiya ƙamas, ko ɗigo bai sauka ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gawo. Kowace gona cike take da shi, manya da ƙanana, an share musu gindi kamar 'ya'yan gida. Haladu ya kasa haƙuri ya ce, "Kai! Dubi itace a tsaye yana jiran mutum!" Malam Iro ya ce, "Rage murya, ɗan'uwa. Nan ko reshe ka sare ba izini, sai ka yi bayanin da ba ka shirya ba. Kuma ba don tsoro kaɗai ba ne. Je ka dubi geron da ke fitowa a gindinsa." Na tuna gonakinmu na wajen gari da muka aske tas.

Tun daga nesa muka hango ta. Saiwoyinta sun tashi sama sun fi tsayin ɗaki, gangar jikin kuwa ta kwanta daidai a kan bakin rijiyar, mutum biyu ba za su haɗa hannu su zagaye ta ba. Shanun Fulani suna tsaye a gefe sun zuba wa wurin ido, suna jin ƙanshin ruwa ba sa samu. Muka je muka zube gaban Maigari. Ya ce, "Sannunku da hanya. An aika wa ma'aikacin daji, yana zuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, yau?" Ya ce, "Yana zuwa."

Bai zo ran nan ba. Yaya Hajara ta dama mana fura, ta kawo dambu da zogale, amma na lura da yadda take karkata tulu a hankali kamar mai zuba man shanu. Buta ɗaya muka raba ni da Haladu muka yi alwala. Da na ɗaga kwanon sha sai na ga jikokinta suna bin hannuna da kallo, na kurɓa kaɗan na ajiye. Ta ce, "Sha mana, Sabi'u, kai baƙo ne." Na ce na ƙoshi. Na zagaya tsamiyar nan ban san iyaka ba, na wasa sarƙar da Haladu ya riga ya wasa, na hau tudu neman sabis ɗin layinmu na gida ban samu ba. Tsofaffi kuwa sai zuwa suke suna gaya mana cewa tsamiya ba ta zama ba masu ita, mai injin farko ma bai yi sallama ba ne.

Da hantsin washegari ma'aikacin dajin ya iso a kan babur, cikin koren kaki. Ya zagaya, ya duba saiwoyin ya tabbatar iska ce ta kayar da ita, ya nuna wata 'yar tsamiya da ta tsiro a gefe ya ce ko ganyenta kada ya taɓu. Sannan ya ce bismilla.

Gari duka ya fito. Haladu ya yi sallama da ƙarfi don tsofaffi su ji, ya ja igiya. Rassa suka fara zuba, yara suna ihu. Da ya iso gangar jikin, itacen ya nuna masa shi tsamiya ne. Cikinta baƙi ne, tauri kamar ƙarfe. Ya ɗago yana gumi ya ce, "Sabi'u, cire masa takunkumin nan. Ƙara masa wuta."

Na ɓalle hulunan robar. Ya ɗaga injin sama ya matse totur, na sa kunne. Tar-tar-tar. Kunnena ya ce mai ya yi yawa. Na matse ƙusar kaɗan. Tar-tar-tar, bai canza ba. Na ƙara. Haka dai. Na ce a raina wannan wane irin inji ne mai shan mai haka, na ƙara matsewa. Haladu ya kafa shi a itace, ya shiga da wani irin ihu siriri, mutane suka yi kabbara. Bai yi nisa ba na ji wari, ba na hayaƙi ba, na ƙarfe mai zafi. Kafin in ɗaga hannu injin ya yi wani gajeren tari ya mutu. Haladu ya ja igiya, ta ƙi fitowa.

Wata tsohuwa ta ce, "Na biyu ke nan." Na hango Yaya Hajara a cikin mata ta sunkuyar da kai. Haladu bai dube ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, domin wannan inji shi ne abincin gidansa.

Na kwance fulogi da tsumma a hannu. Bakinsa fari tas kamar toka. Ma'anarsa inji ya yi ta gudu da yunwa, kuma tunda man da ke shafe fistin a cikin fetur ake haɗa shi, rage fetur rage shi ne. Amma ai kunnena ya ji kakari. Ina tsugune ina juya fulogin sai wani mutum ya tsuguna kusa da ni, hannunsa baƙi da mai irin nawa. Ya ce sunansa Isufu, yana gyaran babura a kasuwar gaba, kuma injin farko da ya mutu a nan a rumfarsa yake yanzu.

"Ni na saita shi," in ji shi. "Irin abin da ka yi na yi. Sai da na aika kwayil ɗin, mai ba fulogi wuta, zuwa Damagaram wani ya gaya mini. Sababbin nan an yi musu iyaka a cikin kwayil. In gudu ya kai inda masu ƙera shi suka yanke, sai ya riƙa ɗauke wuta yana mayarwa. Wannan in'inar da kake ji ba mai ba ne, iyakar ce. Ko ka matse ƙusa har ƙarshe haka za ka ji, har fistin ya narke."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

Ya ce, "Yanzu na iso. Tun daga hanya na ji ihunsa, na yi ta gudu."

Muka ɗauke injin zuwa inuwa, muka bar shi ya huce, muka kwance salansa muka leƙa. Allah ya taimake mu, fistin ya ƙarzu ta gefe ɗaya amma bai narke ba, ringi ne ya maƙale. Isufu ya koma rumfarsa ya kawo sanfefa mai laushi. Muka sauke silinda a kan tabarmar Malam Iro, muka goge, muka 'yanta ringin, muka wanke da isansi. Haladu yana zaune nesa ya juya mana baya, yana fiƙe wani tsinke da ba shi da amfani. Bayan azahar muka haɗa. Na ƙara man haɗi a fetur, na sassauta ƙusar sosai, na ce, "Haladu, zo ka ja." Ya zo ya kama igiya. A ja na huɗu ko na biyar ya tashi, yana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace.

Wannan karon ba a sama muka saita shi ba, a cikin itace. Haladu yana yanka, ni ina gefe, in ya ɗago in matse ƙusar ɗan ƙanƙani, ya sake kafawa. Muka tsaya a inda yake jan sarƙa da ƙarfi cikin itace ba tare da ya kai ga iyakar nan ba. Bayan ɗan aiki na sake duba fulogi, ya yi launin shayi da madara. Haladu ya ce, "Ba ya ihu." Isufu ya ce, "Ihu kake so ko rijiya?"

Aikin ya ci mu har washegari, domin ana yi ana hutar da inji, kuma yashin da ke cikin ɓawon yana dakushe sarƙa nan da nan. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne guntun da ke kan bakin rijiyar, kuma shi ne mai haɗarin. In aka yanke shi ta gefe biyu, zai iya zamewa ya faɗa ciki ya toshe ta har abada. Muna ta shawara sai Arɗon Fulanin, dattijo mai 'yar sanda a kafaɗa, ya ce a ba shi igiyoyin guga duka. Ya sa aka ɗaure guntun, aka ɗaura wa bijimai huɗu, ya tsaya a gabansu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Igiyoyi suka miƙe.

Haladu ya shiga yankan ƙarshe. Ya kusa fita sai itacen ya motsa ya matse takobin, sarƙa ta tsaya cik. Na ji bakin rijiya yana ƙara, wani ɓangaren siminti ya ɓalle ya faɗa, muka daɗe kafin mu ji ya taɓa ruwa. Haladu ya yi tsawa, "A ja!" Arɗo ya ɗaga sanda ya kira sunayen shanun. Suka sunkuya, kofato ya nutse a yashi. Tsagar ta buɗe kaɗan, Haladu ya matse totur, injin ya ci sauran. Guntun ya mirgina, ya tsaya a gefen baki yana lilo, sannan ya faɗo waje, ƙasa ta girgiza.

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Aka zura guga, aka jawo, sai ga ruwa baƙi ƙirin, cike da ruɓaɓɓen ganye da 'ya'yan tsamiya, yana wari. Maigari ya ce sai an yashe ta tukuna, ba mai sha yau. Shanu dai ba su jira izini ba, aka zuba musu a kwami suka kafa kai.

Ni ban iya jiran yasa ba. Haladu ya tsaya, domin Maigari ya roƙe shi ya yayyanka gangar, mata suna son turame. Da zan hau baburin Isufu ya kai ni iyaka, Haladu ya miƙo mini hannu ya ce, "In na dawo za ka sa mini sabon fistin, kuma hulunan nan ka mayar da su inda ka gan su." Na ce na ji. Yaya Hajara ta cusa mini ƙullin tsamiya a jaka, ta ce ta ƙarshe ce daga wannan uwar, a yi kunu da ita.

Bayan na dawo gida, ina gona ina bin layin shukar da ƙanina ya bari, waya ta yi ƙara. Malam Iro ne. Ya ce ga Yayarka. Na ji hayaniyar mata da ƙarar guga da tuluna, sai muryarta.

"Sabi'u, an gama yasa. Yanzu na jawo na farko."

"Alhamdu lillahi. Ya ɗanɗanonsa, Yaya?"

Ta ce in dakata. Na ji tana sha, ta daɗe tana sha ba ta sauke kwanon ba. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Da ɗan tsami kaɗan. Ka zo da yara bayan girbi ku sha."